Shekarar da Na Ƙi Sa Hannu a Digirin Alhaji Mudi

Nasiru, Zainabu, Fadila, wannan babin naku ne fiye da duk sauran. Na san abin da kuka tashi kuna ji a bakin dangin mahaifiyarku: wai taurin kaina ne ya raba ta da Abuja, ya raba ku da ita a lokacin da kuka fi bukatarta. Na kuma san abin da ake faɗa a jami'a har gobe idan sunana ya faɗo cikin hira: wai hassada ce ta ci ni, na ga wani zai zama Dakta raina bai so ba. Na daɗe ina haɗiye waɗannan maganganu, domin Ummanku ta roƙe ni kada in sa yara cikin rigimar manya. To, yanzu ita ta riga mu gidan gaskiya, ku kun zama iyayen wasu, ni kuma ido ya fara gajiya da karatu. Gara ku ji yadda aka yi daga bakin wanda aka yi da shi.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba. Farar hula sun karɓi mulki, man fetur ya yi daraja a duniya, kuɗi suka kwararo Abuja kamar an fasa madatsar ruwa. Duk inda ka waiga gini ake yi. Tifofi na gangarowa da tsakuwa daga Mpape tun hantsi har faɗuwar rana. Mutumin da jiya kuke layin motar haya tare, yau sai ya wuce ka a jif mai baƙin gilashi, da wayar salula a kowane hannu. Manyan gari sun sami gidaje, sun sami filaye, sun je Makka sun dawo, sun koma garuruwansu an naɗa musu rawani. Sai abu ɗaya ya rage musu. Suka lura babu abin da ke ƙawata katin gayyata irin a ga Dakta a gaban sunan mutum. A nan ne idonsu ya dawo kanmu, mu malaman jami'a, waɗanda a da ko gaisuwarmu ba su cika amsawa ba.

A wannan shekarar ni ne shugaban Tsangayar Fasaha, wato sassan Tarihi da Harsuna da Falsafa da Nazarin Addinai duk suna ƙarƙashina. Malamai 'yan'uwana ne suka zaɓe ni da ƙuri'arsu, ba naɗa ni aka yi daga sama ba, kuma a lokacin ina alfahari da haka. Aikin ba shi da armashin da ake zato. Rabon azuzuwa ne, da sasanta malaman da ba sa ga maciji da juna, da taro a kan taro, da bin ofisoshi ana roƙon kujeru. Tsangayarmu ita ce marainiyar jami'a. Da damina rufin ajinmu na yoyo, ɗalibai na ɗaukar darasi a tsaye, wasu a kan taga. An haƙa harsashin sabon gininmu tun zamanin soja aka watsar, ciyawa ta rufe shi, har Fulanin da ke zaune bayan katangar jami'a suka mayar da wurin makiyaya. Ta tagar ofishina nake kallon shanu suna kiwo a inda aka ce ɗakin karatunmu zai kasance.

Shugaban sashen Tarihi kuwa Dakta Haladu ne, wanda kuke kira Baba Haladu. Ba sai na gaya muku matsayinsa a gidanmu ba. Tare muka yi ɗalibta, tare muka zo Abuja tun tana rabin daji, gidansa na jikin namu a rukunin gidajen malamai, kuma matarsa ce ta yi wa Fadila wankan farko. A ƙarƙashinsa akwai wani matashin malami mai suna Sadisu, wanda yake karatun digirinsa na uku. Bincikensa a kan burtalai ne da mashayun shanu da suka ratsa wannan ƙasa kafin a mayar da ita babban birni. Ya shafe shekaru yana hawa tsohon babur ɗinsa zuwa rugagen da ke bayan Sheda, yana kwana a can, har Fulatanci ya kama bakinsa. Na halarci taron ƙara wa juna sani inda ya karanta wani babi na aikin. Ya ba da labarin yadda ya goya wani tsohon Arɗo a babur ya kai shi inda mashayar kakanninsa take, suka tarar gidan mai ne a wurin. Tsohon ya tsuguna a gefen kwalta, ya ɗebi ƙasa ya shinshina. Ranar na fita daga ɗakin ina cewa a raina, Allah ya kawo mana magaji.

Sai kuma mutumin da zan kira Alhaji Mudi. Ba sunansa ke nan ba, amma kun san ko wane ne. Shi ne Babban Sakatare a ma'aikatar da Ummanku ke aiki, ita kuma a lokacin mataimakiyar darakta ce, saura mata taki ɗaya ta kai inda duk ma'aikaci ke mafarki. Ya yi rajistar digiri na uku a sashen Tarihi. Ba wanda ya taɓa ganinsa a aji ko a ɗakin karatu. Sau ɗaya ya taɓa zuwa ofishina. Sakatariyata, wata baiwar Allah 'yar kudancin Kaduna, ta leƙo a firgice.

"Oga, wani babban mutum ta zo. Motoci ya cika waje."

Ya shigo da ƙamshin turarensa da faɗin babbar rigarsa, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya rusuna kaɗan.

"Farfesa, ai mu ɗalibanku ne, mun zo gaida malamai. Hajiya Rakiya kuma 'yar gida ce. Ma'aikaciya ce ta gari, muna sane da ita."

Ummanku yake nufi. Na yi godiya. Ban ɗauki maganar a bakin komai ba sai daga baya.

Ƙa'ida ce ba a kiran ɗalibi ya kare kundinsa a gaban malamai sai shugaban tsangaya ya sa hannu cewa aikin nasa ne, kuma ya cancanta. Yawancin shugabanni sukan duba bango su sa hannu su wuce. Ni malamin tarihi ne, ina son karatu, don haka da kundin Alhaji Mudi ya iso teburina sai na buɗe. Taken aikin ya fara sa gabana ya faɗi, domin a kan burtalai ne da mashayu. Na ci gaba da karantawa, sai ga Arɗo, sai ga gidan mai, sai ga ƙasar da aka shinshina. Ko wahalar sauya kalmomi ba su yi ba. A cikin kundin da ke ɗauke da sunan Babban Sakatare, mutumin da direba ke buɗe wa ƙofa, an rubuta cewa shi ne ya goya tsohon a bayan babur ɗinsa.

Na aika a kira mini Sadisu. Ya shigo, ya ga kundin a gabana, ya ƙi zama.

"Sadisu, wannan aikin wane ne?"

"Na Alhaji ne, ranka ya daɗe."

"Ɗago ka dube ni."

Ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya rufe ƙofa da kansa, ya dawo ya durƙusa a gaban teburina, abin da bai taɓa yi ba.

"Farfesa, don girman Allah ka bar maganar nan. Ni na ba shi da hannuna. Oga Haladu ya ce za a tabbatar mini da aikina, kuma zai taimake ni in sake wani binciken. Matata na da ciki, mahaifiyata na hannuna. Idan ka tona wannan abu, ba Alhaji za a taɓa ba. Ni za a taɓa."

Na ce masa babu mai taɓa shi ina raye a kan kujerar nan. Da zuciya ɗaya na faɗa, domin a lokacin na ɗauka kujerar tana da nauyi.

Da la'asar muka fito daga masallaci da Haladu, na ja shi gefe ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya. Bai yi musu ba, bai kuma ji kunya ba. Haushi ma ya ji, kamar wanda aka tsare da maganar banza yana sauri. Ya nuna mini harsashin nan da shanu ke kiwo a kai, ya ce Alhaji Mudi ya yi alkawarin sa baki a saka gininmu cikin kasafin shekara mai zuwa, kuma mutum ne da idan ya ce a yi, an gama.

"Ka dubi yaranmu a kan taga kamar birai," in ji shi. "Takarda guda ce, wa za ta kashe? Mutumin nan ba koyarwa zai yi da ita ba, a bango zai rataye ta."

"Shi Sadisu fa? Guminsa ne."

"Sadisu yaro ne, zai rubuta wani. Kai kaɗai ne mai tsoron Allah a jami'ar nan? Ina gaya maka don zumunci, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Shugaban jami'a ma ya kira ni. Shi bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo shayi, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya, ya yaba yadda nake tafiyar da tsangaya. Sannan ya ce shi ba zai taɓa cewa in yi abin da bai dace ba, yana dai so in dubi maslaha. Na tambaye shi ko ya karanta kundin. Ya yi murmushi ya ce shi ai injiniya ne, me ya sani a tarihi.

Duk wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya girgiza ni a gida ya same ni. Wata Asabar da hantsi kun tafi Islamiyya, na tarar da Ummanku a barandar baya tana gyaran alayyahu. Ta ce Alhaji Mudi ya kira ta ofishinsa. Ya tambayi lafiyata, ya ce ya ji ina fama da yawan aiki har takardu na kwana a teburina. Ya kuma tuna mata cewa an kusa zaman ƙarin girma, sunanta na cikin waɗanda ake dubawa. Ta faɗi wannan duka ba ta ɗago kai daga tiren ba. Na gaya mata abin da na gani a kundin, da yadda Sadisu ya durƙusa. Ta ajiye wuƙar.

"Malam, ba zan ce ka sa hannu ba, ba kuma zan ce kada ka sa ba. Abu ɗaya nake so ka sani. Kai Farfesa ne, babu mai ƙwace maka wannan. Ni ce a ƙarƙashinsa. Duk abin da ka yanke, kada ka fita waje kana cewa ka sadaukar. Ba kai za ka sadaukar ba."

Maganar ta yi mini ciwo domin gaskiya ce. Na shiga wasi-wasi. Kundin na kan teburina, in ɗauki alƙalami in ajiye. Wallahi akwai ranar da na ce a raina, bari in sa hannun nan in huta, Allah ya san zuciyata. Ana cikin haka maganar mota ta taso, kuma a nan ne nake so ku buɗe kunne, musamman kai Nasiru.

Ka tuna ranar da ka dawo daga makaranta ka tarar da sabuwar mota ja a ƙofar gidanmu, kujerunta da leda. Direban Alhaji Mudi ne ya kawo, ya ce tsaraba ce ga Hajiya, don ta daina wahalar motar ma'aikata. Ka shiga ka zauna a mazaunin direba kana danna hon, Fadila na tsalle, Anti Luba ƙanwar Ummanku, da ke zaune da mu a lokacin, har da guɗa. Sai Ummanku ta fito ta ce ka sauko. Ta miƙa wa direban makulli, kuma duk kun ji abin da ta ce masa.

"Ka gaya wa oga na gode ƙwarai. Amma maigidana bai yarda in karɓa ba."

Wannan maganar ce Anti Luba ta ɗauka ta yaɗa a dangi, ita ce kuma ka riƙe a zuciyarka har ka girma. To, ka sani, a wannan lokacin ina wurin taro. Ban san an kawo mota ba, ban san an mayar ba. Da na dawo na tarar ka kumbura ka ƙi gaishe ni, Luba na tafa hannu tana cewa wasu mazan ba sa son ci gaban matansu. Na bi Ummanku ɗaki.

"Rakiya, yaushe na ce a mayar da mota? Ni ko labarinta ban ji ba."

"Ba ka ce ba. Ni na ce."

Tana ninke kaya tana magana cikin ɓacin rai.

"Da roƙona ya yi, da na saurare shi, har ma in zo in roƙe ka. Amma ya aiko a yi cinikina a ƙofar gidana, a gaban 'ya'yana? Je ka yi abin da za ka yi, Malam. Sai dai ka bar su a kan cewa kai ka hana. Ni ce gobe zan shiga ofishin nan in gaishe shi."

Na bar shi a haka kamar yadda ta so. Na bar shi har ta koma ga Mahaliccinta.

Na kai maganar gaban taron malaman tsangaya. Na karanta musu shafin babur, na tuna musu cewa da yawansu suna zaune a ɗakin ranar da Sadisu ya karanta shi. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, babu ko mutum ɗaya da ya tashi ya ce ƙarya nake yi. Wani ya ce lokaci ne bai dace ba. Wani ya ce ana yin haka a ko'ina. Wani malamin falsafa, wanda ke koya wa yara darasin ɗa'a, ya ce kada mu tsokano abin da ya fi ƙarfinmu. Da aka ce a ɗaga hannu, hannayen da suka zaɓe ni suka tashi suna cewa a bar kundin ya wuce. Na ce sun yi nasu, amma hannun da ƙa'ida ke nema nawa ne, kuma ba zan sa ba. Na rubuta wa hukumar jami'a dalilina.

Aka kafa kwamitin bincike. Na yi murna, don wautata. Na shiga na ba da shaida cewa da kunnena na ji Sadisu ya karanta wannan babi da sunansa, tun kafin kundin Alhaji ya bayyana. Aka kira Sadisu. An riga an karanta masa abin da zai faɗa, shi kuma ya faɗa: shi ɗan taimako ne kawai, yana raka Alhaji da tafinta, amma aiki na Alhaji ne. Sai shugaban kwamitin ya gyara tabarau ya ce, to idan aikin na Alhaji ne, babin da ka karanta a gaban malamai da sunanka, na wa ka karanta? Tarko ya rufe. Rahoton kwamiti ya ce Alhaji Mudi ba shi da laifi, shi aka zalunta. An sami Sadisu da satar binciken wani, kuma babbar hujjar da aka kafa a kansa ita ce shaidar da na bayar. Aka kore shi daga aiki saboda ya saci abin da ya rubuta da hannunsa.

Ba a rufa wata ba takardar Ummanku ta fito. An yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin ofishin ma'aikatar a wata jiha can gabas, kusa da iyaka, tafiyar yini guda a mota. Aka ce ana bukatar gogaggiyar ma'aikaciya a can. Da ta je ta tarar da tebur da kujera da fanka da ba ta juyawa, babu aikin komai. Na ce ta ajiye aikin, albashina zai riƙe mu. Ta ce ba za ta ba shi wannan daɗin ba, da ƙafarta ta shiga aikin gwamnati, sai lokacinta ya cika za ta fita. Muka bar ku a Abuja saboda makaranta. Zainabu, ke kika zama uwa kina 'yar sakandare, kina dafa tuwo da littafi a cinya. Fadila ta daina cin abinci sosai, kullum tana bakin taga. Nasiru kuwa ka daina yi mini magana sai da dalili. Ummanku takan zo idan ta sami hutu, ta sauka daga motar haya ƙafafu a kumbure, ta kwana biyu tana wanki da kitso da duba littattafanku, ta juya. A can hawan jini ya kama ta. Yaran da ta koya wa aiki suka zama daraktoci tana ji a rediyo. Karin maganar da Haladu ya yi mini ashe ba ta cika ba. Ni na ja ruwan, amma wasu ya doka.

Ni abin da aka yi mini kaɗan ne. Malaman tsangaya suka yi taro suka ce sun janye amincewarsu, wai na jawo wa jami'a zubar da mutunci. Aka sauke ni, aka ba Haladu riƙon kujerar. A cikin hutu, lokacin da babu kowa, aka kira Alhaji Mudi ya kare kundinsa a ɗaki a rufe. Ranar bikin yaye ɗalibai ban fita ba, amma daga falonmu ina jin kalangu da maroƙa suna kiran Dakta, Dakta. Haladu kuma tun daga lokacin sallama ce kawai tsakaninmu, katanga ɗaya ta raba mu amma ko a makabarta muka haɗu sai dai kowa ya kalli gabansa.

Kuma ginin an yi shi. Dole in faɗi wannan, domin ba na so ku ce na ɓoye abin da bai yi mini daɗi ba. Haladu bai yi ƙarya ba. Aka kori shanu, aka zuba siminti, bene ya tashi mai kyau, ɗalibai suka sami kujeru, rufi ya daina yoyo. Aka rubuta sunan Alhaji Mudi da manyan baƙaƙe a saman ƙofa, da Dakta a gabansa. A cikin wannan ginin aka ba ni ofis, a cikinsa na koyar har na yi ritaya. Kowace safiya ta ƙarƙashin sunan nan nake wucewa in je in gaya wa 'ya'yan mutane cewa aikin masanin tarihi shi ne ya faɗi abin da ya faru. Mutane sukan tambaye ni ko na yi nadama. Ban yi ba. Ba zan nemi gafarar kowa a kan na ƙi shaidar zur ba. Amma kada wani ya zo ya gaya mini wai gaskiya takan yi halinta. Na zauna na jira ta har gashina ya yi fari, a wannan maganar dai ban ga ta yi ba.

Na nemi Sadisu. Na rubuta wa abokaina a wasu jami'o'i, amma duk inda ya je labarin korarsa ya riga shi isa. Daga baya na sami labarin yana koyarwa a wata 'yar makarantar firamare ta kuɗi a unguwar Durumi. Na je. Ajin kwano ne sama da ƙasa, zafi kamar tanda, yana koya wa yara haɗa baƙi. Ya fito ya gaishe ni da ladabi, muka tsaya a bakin kwata.

"Farfesa, na roƙe ka," in ji shi.

"Ka roƙe ni."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Gaskiya ka faɗa. Sai dai kai ka faɗe ta, ni aka ɗora wa kayanta."

Ya ce yara na jiransa, ya koma aji.

Ban sake ganinsa ba sai a zaman makokin Ummanku, kuma duk kuna wurin. Kun tuna yadda layinmu ya cika da motoci, aka yi ta raɗa cewa Dakta ya iso. Alhaji Mudi ne, ya tsufa, yana dogara sanda, Haladu na biye da shi. Nasiru, kai ka tashi daga kan dardumarka ka ba shi wuri, ban kuma ga laifinka ba, baƙo ne babba kuma ba ka san komai ba. Ya yi doguwar addu'a. Ya ce a duk zamansa na aiki bai taɓa samun ma'aikaciya mai amana irin Hajiya Rakiya ba. Mutane suka ce Allahu Akbar. Ya miƙo mini hannu na karɓa, domin makoki ne, na ce Allah ya ba da lada.

A can ƙarshen tabarma, kusa da inda ake tuɓe takalma, akwai wani siririn mutum da furfura a gemu, cikin koɗaɗɗen kaftani. Zainabu, kin aiko a tambaye ni ko cikin direbobi yake, a kai masa abinci waje. Sai da jama'a suka ragu ya matso ya yi mini gaisuwa. Ya ce ya ji rasuwar ne a bakin wani, ya ga ba zai iya zama bai zo ba.

"Shekarar da aka kore ni, matata ta haihu ba ko ƙwayar hatsi a ɗakina," in ji shi. "Sai ga direban wata motar haya da buhun gero da wake, wai daga gabas, in ji Hajiya. Haka ta riƙa yi duk kaka har na sami abin yi. Ta ce kada in gaya maka."

Shekarun nan duka muna kwana muna tashi da ita, ko da wasa ba ta taɓa ambata mini ba. Ya shafa fatiha, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya tafi neman motar Durumi.

Wannan mutumin shi ne Sadisu. Ranar da za ku zauna nawa makokin, idan Allah ya sa yana raye ya zo, ku shimfiɗa masa a gaba, kusa da liman. Wancan kuwa idan ya zo, ku amsa masa gaisuwa don hakkin Musulunci, ku ba shi ruwa ya sha. Amma kada wanda ya kira shi Dakta a ƙofar gidana.